Garin da Ba Sa Tambaya Sau Biyu

Motar da ta ɗauko mu daga babban birnin Norway ta sauke mu a garin da ƙarfe uku da rabi na rana, amma har an kunna fitilun titi. Na duba agogona, na duba sama, na ce wa Ishaya agogon nan ya lalace a jirgi. Ya ce, "Hamma Buba, agogonka lafiya lau. Garin ne haka."

Mu biyu aka turo daga Jalingo. Ba a daɗe da yi mana jiha ba aka sayo manyan injinan tura ruwa daga ƙasar Norway, wadda mu muke cewa Nowe, kuma a cikin cinikin akwai koya wa mutum biyu gyaransu na wata shida. Ni mai walda ne, shekara ashirin da wani abu ina ƙona ido. A aji huɗu na bar makaranta, Turancina na gareji ne. Ishaya kuwa Bamumuye ne daga wajen Iware, ya yi makarantar koyon sana'a, Turanci a bakinsa kamar rediyo. Na girme shi da shekara goma. Ni na koya masa riƙe rodin walda, ni na rufa masa asiri sau ba adadi idan ya ƙona ƙarfe. A kwano ɗaya muke cin abinci a wurin aiki. Ranar aurensa na tsaya a ƙofar cocinsu har aka tashi.

Tun ranar farko aka gaya mana cewa idan wata shidan ya cika za a riƙe ɗayanmu ya ƙara shekara guda, ya koyi manyan injina, a ba shi takardar shaida. Wanda ya dawo da takardar nan shi ne shugaban sashe a gida, wannan kowa ya sani. Kuma shugaban shagon gyaran da za mu koyi aikin a cikinsa ne zai zaɓa. A raina na riga na rataye takardar a bangon ɗakina na unguwar Mayo Gwoi.

Sunan garin har yau harshena bai iya shi ba. Rami ne dogo tsakanin duwatsu biyu, titi ɗaya ya ratsa shi, kogi na bin gefensa. Duwatsun sun yi tsawon da idan sanyi ya shigo rana ba ta iya leƙowa ciki, kusan rabin shekara. Gari yana wayewa, ka ga haske, ka ga hasken ranar ma can a kan dutsen da ke hannun arewa, ja-ja kamar an shafa manja, amma ba ya saukowa. Ni da na girma ina gudun rana, ina neman gindin mangwaro, sai ga ni ina ɗaga wuya ina leƙenta kamar mai leƙen gidan maƙwabci.

Kwat ɗin da na saya a Legas kafin mu taso, mai shagon ya rantse mini da kabarin ubansa cewa da irinta Turawa suke kwana a cikin ƙanƙara. Kwana biyu ta yi, zif ɗin ya ɓalle, audugar cikin ta taru a ƙasa kamar an cusa tsumma. Da ita na yi wata shida, ina ɗaure ta da waya.

Shugaban shagon sunansa Gunnar, muka mayar da shi Baba Guna. Dogon tsoho ne, yatsunsa biyu na hagu babu, ba ya magana sai ta kama. Mutum shida ne a ƙarƙashinsa, dukkansu sun manyanta. Ranar farko da lokacin cin abinci ya yi, kowa ya ciro ɗan ƙunshin takarda daga aljihu, yankan burodi da wani cuku mai ruwan ƙasa a kai, ya buɗe a gabansa ya hau ci. Babu wanda ya ce bismilla, babu wanda ya turo wa wani. Na zauna da yunwata ina kallon bango. Na ce wa Ishaya da Hausa, "Waɗannan ko uwarsu ce ta shigo ba za su ce mata zo mu ci ba." Ya yi dariya, ya ce gobe mu ma mu ƙunso namu.

A ƙarshen makon farko Baba Guna ya tsaya a bayana ina haɗa wani bututu. Ya daɗe yana kallo. Da na ɗaga gilashin fuska sai ya shafa ɗinkin da babban yatsa, ya gyaɗa kai. Sannan ya yi magana, Ishaya ya fassara.

"Ya ce ranar Lahadi matarsa za ta dafa kifi. Ko za ka zo?"

Ni aka fara tambaya, wannan ba zan ɓoye ba. To ni uwata Bafulatana ce daga Lau, a hannunta na tashi. A gidanmu ko yunwa za ta kashe ka, idan aka miƙo maka abinci sai ka ce alhamdulillahi, ka ƙoshi. Sai a sake, ka sake ƙi. Sai mai gida ya ɓata rai, ya ce ashe ba ka ɗauke shi ɗan'uwa ba, ya kama hannunka, sannan ka zauna. Haka mutunci yake. Wanda ya ce to tun a kiran farko, har jikokinsa za a riƙa ba da labarinsa.

Na ce, "Gaya masa na gode ƙwarai, kada mu ɗora wa uwargida wahala."

Na tsaya ina jiran kira na biyu. Baba Guna ya ce to. Ya juya ya tambayi Ishaya. Ishaya ya ce, "Ƙarfe nawa?"

Ranar Lahadi ya tafi, ni na zauna a ɗakin da aka ba mu ina dafa taliya da gishiri. Ya dawo yana ƙamshin man shanu, yana ba ni labarin murhun icen gidan da hotunan da ke bango. Lahadi ta gaba ma ya tafi. Ni ba a sake tambayata ba.

Daga nan abin ya fara cina. Kafin wata biyu Ishaya ya zama ɗan gida. Matar Baba Guna, Inga, ta saƙa masa rigar ulu mai kauri, fara da zanen baƙi a ƙirji, irin wadda kowa yake sawa a garin. Ya saka ta ya tsaya gaban madubi yana juyi, ni ina bayansa da kwat ɗina mai waya. Ya koyi gaisuwarsu. Suka ɗaura masa katakai biyu a ƙafa suka tura shi kan ƙanƙara, ya faɗi, suka yi dariya, shi ma ya yi, aka ɗauki hoto. A shago idan an zauna shan kofi sai su yi ta hira da shi, a yi dariya, in tambaye shi me aka ce, ya ce, "Ba wani abu ba ne, Hamma, idan na fassara ba zai yi daɗi ba."

Duk abin da na sani game da garin nan daga bakinsa na ji, kamar mai cin sauran tuwon wani. Shi ya gaya mini cewa da can babu komai a ramin sai 'yan manoma da awakinsu da wani ƙaton ruwa mai zubowa daga dutse. Sai wasu masu kuɗi suka zo suka kama ruwan suka cusa shi a bututu, suka sami wutar lantarki, da wutar suka riƙa yin takin zamani. Wai daga iska suke tatso shi. Na ce ƙarya ne, ya ce Baba Guna ne ya faɗa, uban Baba Guna ma a nan ya yi aiki har huhunsa ya gaji. Kamfanin ne ya gina garin gaba ɗaya, makaranta da asibiti da gidaje. Manya aka gina wa can sama a jikin dutse inda rana ta fi daɗewa, lebura a ƙasa cikin inuwa. Na ce to ashe ko'ina haka ne. Lokacin da muka je an riga an rufe yawancin masana'antar, samari sun watse birane, gidaje da yawa babu labule. Sai tashoshin wutar da shagon gyaransu suka rage, da tsofaffi masu tafiya a hankali da sanduna.

Akwai wani akwatin ƙarfe mai tafiya a jikin igiyar waya, daga gindin dutse zuwa ƙololuwa. Kamfanin ne ya yi wa ma'aikata tun zamanin kakanni, don su riƙa hawa suna ganin rana kada su haukace. Wata Asabar a tsakiyar sanyi Baba Guna ya ce za su hau. Ya dube ni da kansa, ya nuna sama da hannunsa mai yatsu uku, ya ce, "Rana. Za ka zo?"

Wallahi a lokacin na fi wata uku rana ba ta taɓa fatata ba. Gwiwoyina suna ciwo, barci ba ya isata, ina mafarkin yashin Mayo Gwoi mai ƙona tafin ƙafa. Amma Ishaya yana tsaye cikin rigar ulunsa, har ya riga ya rataya jaka. Na ga idan na ce to, na zama ɗan rakiyarsa. Na ce ina da wanki.

Ishaya ya ja ni gefe. "Hamma, don Allah ka bar wannan fulakon. Mutanen nan sau ɗaya suke tambaya. Idan ka ce a'a, a wurinsu ka gama magana, matsa maka rashin kunya ne."

"Yau kuma kai za ka koya mini zaman duniya?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Je ka, ɗan Baba Guna. Ka gaishe mini da ranar."

Da wani ne ya gaya mini, da na ji. Daga ranar na rage yi masa magana. Ina kwana, lafiya lau, shi ke nan.

Azumi ya same mu a can. Ban taɓa yin azumi mai gajarta irinsa ba, ban kuma taɓa yin mai ɗaci irinsa ba. Babu kiran salla, babu wanda zai ce maka an sha ruwa, sai takardar lokutan sahur da shan ruwa da wani mutumin Bosniya mai share tashar mota ya kwafa mini da hannunsa. A Jalingo Ishaya ba ya fashin zuwa gidana shan ruwa, Kirista ne amma ya fi ni cin ƙosai. A can sai ya samo wani garin hatsi nasu, ya dama shi da lemon tsami, ya yi kama da kunu, ya ajiye mini a kan tebur kullum kafin magariba. Ba na taɓawa yana ɗakin. Sai ya shiga wanka in shanye, in wanke kofin in kife. Bai taɓa cewa komai ba, ni ma ban taɓa cewa na gode ba.

A wajen aiki kuwa babu gardama. Ana saura wata guda mu gama, wani ƙaton murfin famfo na baƙin ƙarfe ya tsage, irin wanda idan ka yi masa gaggawa sai ya sake tsagewa a gefen ɗinkin. Suka ce sai dai a yi odar sabo, makonni. Na ce a ba ni. Na gasa shi a hankali, na yi ɗinkin kaɗan-kaɗan ina dakawa da guduma, na binne shi cikin yashi mai zafi ya kwana biyu yana hucewa, yadda muke yi wa injin niƙa a gida don babu inda za mu samo sabo. Da aka gwada bai zubar da ɗigo ɗaya ba. Baba Guna ya kira sauran su zo su gani. Ya ce ubansa ne mutum na ƙarshe da ya gani yana wannan aikin. Ishaya ya fassara mini wannan daidai, har da murna a fuskarsa, murnar ma ta ba ni haushi.

Bayan salla da 'yan kwanaki rana ta dawo. Garin duka ya fito dandali, yara sun yi shigar dodanni da sarakuna, masu busa suna busa, mata suna raba wani burodi mai ɗigon ƙwai rawaya a tsakiya. Muka tsaya muna kallon hasken yana gangarowa daga dutse, ya hau rufin gidaje, ya sauko bango. Da ya taɓa ƙasa tsofaffi suka rufe ido suka miƙa masa fuska kamar ƙadangaru. Ni ma na miƙa tawa. Ba ta da zafin kirki, amma sai da na goge ido.

Ranar Juma'ar makon, lokacin shan kofi, Baba Guna ya ajiye wata takarda a kan benci, ya ɗora biro a kanta. Kowa yana zaune. Bai nemi Ishaya ya fassara ba. Ya yi Turancin a hankali, kalma-kalma, don in ji da kunnena.

"Buba. Shekara ɗaya. Kana so ka zauna?"

Na ji kowace kalma. Abin da na yi wata shida ina kwana ina tashi da shi ke nan, ga shi a kan benci. Kuma an riga an gaya mini yadda mutanen suke, ba zan ce ban sani ba. Amma na dubi Ishaya cikin farar rigarsa, sai na ji takardar kaɗai ba ta ishe ni ba. So nake tsohon nan ya faɗa da bakinsa a gaban kowa. So nake in ƙi, ya ce a'a Buba, kai nake so, Ishaya bai kai ka ba. So nake a kama hannuna sau ɗaya a garin nan, Ishaya yana kallo.

Na ce, "Ni? A'a. Ishaya ya yi makaranta. A ba Ishaya."

Na jira.

Baba Guna ya dube ni, fuskarsa ta sauka. Ya juya biron a hannu. Sannan ya ce to. Ya ja takardar ya rubuta sunan Ishaya, yana tambayarsa yadda ake jera baƙaƙen. Da ya gama ya taso ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce ni mutumin kirki ne, ya san iyalina suna jirana. Sauran suka gyaɗa kai. Na dubi Ishaya. Idonsa yana cikin kofinsa.

A hanyar komawa ɗaki ban bari mun kai gada ba na tare shi.

"Kai ɗan ina ne?"

"Hamma..."

"Na ce kai ɗan ina ne? Shi Bature ne, bai sani ba. Kai fa? Shekara nawa kana cin tuwo a gidana? Ba ka san a'a ɗina ba?"

"Na sani."

"To me ya hana ka buɗe baki?"

Ya tsaya ya zuba hannu a aljihu. "Wata uku ba ka kira sunana ba. Yau kuma ni zan roƙa maka? Hamma, ni ma ina da 'ya'ya." Ya nuna titin da ke hawa gidan Baba Guna. "Takardar tana jakarsa, sai Litinin za ta tafi. Je ka ce masa kana so. Kalma ɗaya ce, ka iya ta da Turanci. Wallahi ba zan ce uffan ba, zai goge sunana ya sa naka, kai yake so tun farko. Amma da bakinka. Ni ba zan faɗa maka ba."

Ranar Asabar da hantsi na hau titin. Ban taɓa zuwa gidan ba, amma na san shi sarai daga labarin Ishaya, jan gida mai tulin itace a gefe. Na tsaya a bakin shingen. Hayaƙi yana fita ta bututun rufi, ina hango Inga ta taga tana shafa wa burodi wani abu. Taku goma ne zuwa ƙofar. Na tsaya ina jera maganar a raina: jiya na ce a'a a gaban mutum shida, sun ce ni mutumin kirki ne, yau na zo in ce ƙarya nake, a ƙwace daga hannun ƙanena a ba ni. Na tsaya har yatsun ƙafata suka daina jin komai. Da a ce ta ɗago ta gan ni ta yafito ni, da na shiga. Ba ta ɗago ba. Na juya.

Ni kaɗai na dawo Jalingo, cikin zafin bazara. Labari ya riga ni isowa. A wurin aiki ana nuna ni, wai ga mutumin da aka ba shi zama a Turai ya bar wa abokinsa. Limamin unguwarmu ya kawo misali da ni a wajen wani ɗaurin aure. Uwar Ishaya ta taso tun daga Iware da doya cike da bayan a-kori-kura, ta durƙusa a tsakar gidana tana sa mini albarka da Hausarta mai karyewa. Na ce mata ba komai, Mama, ai Ishaya ƙanena ne. Mun yi wata biyu muna cin doyar nan. Ta yi daɗi kuwa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Bayan shekara ya dawo da takardarsa, aka ba shi sashen. Ofishinsa yana da fanka biyu da labule. Ni ina nan a rumfar walda, idona na dama ya fara hazo. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, har yau Hamma yake ce mini, idan aikin baƙin ƙarfe ya zo da kansa yake takowa ya ce a taimaka. Na so a ce ya zama mugu, da na sami abin riƙewa.

Abu ɗaya na kawo daga Nowe. Matata tana cewa ƙasar ta cire mini kunya, don yanzu ko a gidan surukai aka ce bismilla, kafin a rufe baki na wanke hannu. Jiya ma na shiga ofishin Ishaya kai masa lissafin rodin da muke buƙata, ya ɗago fulas ya ce, "Hamma, ko za ka..."

Na ce, "Zuba."

"Ban ma gama tambayar ba."

"Zuba, har da burodin can."

Ya yi dariya ya zuba. Na zauna ina sha, ina kallon takardar a bango bayan kansa, cikin gilashi, da sa hannun Baba Guna a ƙasa. Sunan Ishaya da na ubansa sun yi tsawo, sai da aka matse baƙaƙen ƙarshe kafin su shiga layin. Nawa gajere ne. Da ya zauna daidai.